Ba a Yanka Tunku da Shiru

A wani ƙauye da ke bayan Gwiwa, daidai inda hanyar babur take rabuwa, ɗaya ta nufi Roni ɗaya ta shige cikin gonaki, akwai wata budurwa mai suna Ikilima wadda kowa ya san ta da abu guda. Tunku take kiwo.

Ba da niyya ta fara ba. Bara, lokacin sharar gona, mahaifinta Malam Ɗayyabu ya cinna wa tarin ƙaya wuta, ita kuma ta kai masa fura. Tana tsaye ta ji wani siririn kuka daga gefen tokar, kamar na tsako. Ta tona da kara, sai ga ɗan abu bai wuce tafin hannunta ba, gashinsa ya babbake ta gefe ɗaya, idanun ko gama buɗewa ba su yi ba. Uwar ta gudu ne ko ta ƙone, Allah kaɗai ya sani. Ikilima ta naɗe shi a bakin mayafinta ta kawo gida, ta riƙa ɗiga masa madarar akuya da auduga. Da ya tasa aka gane mace ce. Ta raɗa mata suna Auta, ta ce ita dai ta gaji da zama autar gidan, ta sauka ta bar mata kujerar.

Auta ta girma ta zama doguwa, toka-toka, da dogon baki da wutsiya mai jan ƙasa. In Ikilima za ta rijiya tana biye da ita. In tana tankaɗe, tana kwance a kan ƙafarta. Makwancinta ƙarƙashin rumbu ne, a kan wani tsohon zanin Ikilima da ya kode. Da farko Malam Ɗayyabu ya yi ta mita, yana cewa gidan mutunci ba ya ajiye ɓarawon kaji. Ranar da Auta ta fito da gamsheƙa daga bayan randa, ta kashe ta a tsakar gida kowa yana kallo, daga ranar ya daina. Har yakan rage mata ƙashin kifi, yana yi yana waige kada a gan shi.

To, damina ta sake zagayowa, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mutum, tafasa ta cika bayan gidaje. A lokacin ne 'yan tsakin Gwaggo Adda suka fara ɓacewa.

Gwaggo Adda yayar Malam Ɗayyabu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, darni ne kawai ya raba gidajensu. Ba muguwar mace ba ce, ko da yake bakinta ya fi barkono zafi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu a Kazaure da Kano, kajin nan su ne abokan hirarta. Da su take faɗa da safe, da su take shiryawa da yamma. Ɓatan 'yan tsaki ta daure. Amma ran da ta iske babbar kazarta wake-wake a bayan akurki an cinye mata kai, ga sawun tunku ɓaro-ɓaro a cikin taɓo, sai ta ɗauko gawar ta ƙafa, ta ratso ƙofar darni, ta yar da ita a gaban ƙaninta.

"Ɗayyabu, ga sadakin 'yarka ta biyu nan na kawo."

"Subhanallahi. Yaya, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Tun kana tsumma nake goyonka, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Ko dai abin nan ya bar duniya, ko ni in bar maka unguwar."

Ikilima tana bakin murhu, muciya a hannunta. Ta ji maganar ta sauka a ƙirjinta kamar an jefa dutse a rijiya. Ta dubi mahaifinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ta san shi sarai. Zai iya musu da dagaci, amma ba zai iya ɗaga ido ya ce wa yayarsa a'a ba.

Aka aika wa Baba Sama'ilu, sarkin bakan garin. Wannan aiken ya ƙara wa Ikilima ciwo, domin ɗansa Zaharadeen, mai acaɓa tsakanin Gwiwa da Kazaure, shi ne wanda aka sa musu rana bayan kaka. Shi ɗin kuwa aka ɗora wa kejin waya, ya shigo da shi yana kallon ƙasa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Babu mai iya kama Auta sai uwar ɗakinta. Ikilima ta durƙusa ta kira ta, ta zo da gudu, ta hau cinyarta tana shinshinar hannunta ko da ƙwai. Da hannunta ta sa ta a kejin, da hannunta ta rufe. Ba ta yi kuka ba. Haƙoranta kawai ta datse har muƙamuƙinta ya yi tsami.

A gindin darbejiyar ƙofar gida mutane suka taru, don abin kallo ne. A wajen mafarautan yankin ba a yanka tunku da shiru. Sai an tsaya a kansa an karanta masa laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna amsawa, sannan a sa wuƙa. Sun ce in aka yanka shi ba a faɗa masa abin da ya yi ba, ko aka ɗora masa abin da bai aikata ba, zai saki wani wari da zai lalata naman, ya kuma manne a hannun mai yankan, sabulu ba ya fitar da shi.

Baba Sama'ilu ya wasa wuƙarsa a dutse, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Tunku! Kai ka shiga gidan Adda ba sallama."

"Shi ne!" jama'a suka amsa, wasu suna dariya.

"Kai ka kwashe 'yan tsaki, ka bar uwa tana kiran banza."

"Shi ne!"

"Kai ka tare wake-wake a bayan akurki..."

"Baba Sarki."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta yanke maganar. Ikilima ce ta fito daga zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zube a gabansa gwiwa biyu. Budurwa ta katse surukinta a bainar jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ita ma ta sani.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Tambaya ce da ni. Wa ya gan ta?"

"Ji min 'yar nema!" in ji Gwaggo Adda. "Sawun fa? Ni na zana shi da yatsa?"

"Sawun tunku ne, Gwaggo, ban musa ba. Amma wane tunkun?"

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Tunku nawa ne a garin nan? Ko an buɗe musu unguwa ba mu sani ba?" Domin a tunaninsu tunku ɗaya ne tak. Ba wanda ya taɓa ganin biyu tare. In an ce tunku ya yi ɓarna, to shi ɗin ne dai, na bara, na bana, na zamanin kakanni. Yanzu kuwa da ga shi a keji, me ya rage?

Baba Sama'ilu bai yi dariya ba. Ya dubi wuƙar, ya dubi hannunsa.

"Akwai wani abokin farautata," ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙansa. Ya taɓa ɗora wa tunku satar zabin da kare ya ci. Matarsa a zaure ta riƙa miƙo masa tuwo da sanda har aka yi girbi." Ya mai da wuƙar kube. "Yarinya, ni ban yarda akwai na biyu ba. Amma hannun nawa ne. Zan tafi da wannan gidana. In kasuwar Gwiwa ta ci ba ki kawo min ɗayan ba, a nan zan ƙarasa karatuna, kuma ba mai katse ni."

"Na gode, Baba."

"Kada ki gode tukuna."

Gwaggo Adda ta tofar da yawu, ta koma gida ta kulle sauran kajinta a akurki, ta ce ba mai sake ganin rana sai an yi hukunci. Wannan ya toshe wa Ikilima hanya mafi sauƙi. Da kajin suna yawo aka sake kashe wata alhali Auta tana tsare, da magana ta ƙare. Yanzu ba abin da zai wanke ta sai a kamo ɗayan da rai, in ma akwai shi.

In ma akwai shi. Wannan ita ce ƙayar da ta kwana a zuciyar Ikilima. Ita kanta ba ta taɓa ganinsa ba. Abin da ta sani kawai, Auta da kajin gidansu a kwano ɗaya suke shan ruwa, ba ta taɓa ko harararsu ba. A kan wannan ta tsaya, ta kuma rantse a ranta ba za ta gusa ba.

Zaharadeen ya haɗa mata tarko da wani tsohon keji. Ya yi masa ƙofa mai faɗowa, ya ɗaure da robar tayar keke, in an taɓa abin da ke ciki sai ta rufe. Yana ɗaurawa yana satar kallonta.

"Ranki ya daɗe, in tambaye ki mana. In ni aka sa a keji, za ki yi min wannan wahalar?"

"Kai ai da ƙafarka ka kawo kejin."

"Aike ne. Baba ne fa."

"Na sani. Ja robar da kyau, ta yi sako-sako."

Ta kafa tarkon a bakin gonar geron da ke bayan gidan Gwaggo, ta sa ƙwai a ciki, ta shige cikin geron ta zauna. Daga an gama aikin safe har rana ta karkata tana nan. Cinnaku suka yi mata rabon gado a ƙafafu. Ganyen gero ya yanyanka mata hannuwa, zufa ta shiga tana yi mata raɗaɗi. Ruwa ya sauko ya jiƙe ta sharkaf, ta ƙi tashi, sai da mahaifinta ya zo da kansa ya tsaya a kanta.

"Ikilima, dabba ce fa."

"Na sani, Baba."

"To?"

"Ni na sa ta a kejin. Kiranta na yi ta zo."

Ya cire malfarsa ya kifa mata a kai, ya juya.

Ranar farko tarkon bai kama komai ba. Da ya tashi kamu kuwa, sai ya kama muzurun Gwaggo Adda, wanda ya yi ta ihu har unguwa ta fito. Gwaggo ta zo ta sake shi da kanta, tana cewa, "Madalla! An gama da kajina, an koma kan kyanwata. Gobe sai ki sa min goro a ciki, ni ma in shiga." Matan da ke dawowa daga rijiya suka riƙe ciki don dariya. Ikilima ta haɗiye, ta sake sa wani ƙwan.

Da la'asar Zaharadeen ya zo zance. Ba a shimfiɗa masa tabarma ba, a bakin gona ya same ta, ya tsuguna nesa kaɗan yadda masu wucewa za su gan su.

"Auta ba ta cin abinci," ya ce.

Ikilima ta juyo da sauri. Ba ta da damar zuwa ta gani da idonta. Yarinyar da aka sa wa rana ba ta taka gidan surukai, ko da gobara ake yi.

"Ka ba ta ƙwai? Ɗanye take so, a fasa mata kaɗan."

"Na ba ta. Ta juya min baya. Har kiran da kike mata na gwada." Ya tsuke baki ya yi wani sauti kamar na tsohuwar ƙofa. Duk da halin da take ciki sai da dariya ta kuɓuce mata, dariyar kuma ta juye ta zama hawaye.

Ya bari ta gama. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ikilima, saurara. Ina iya buɗe kejin in ce ta gudu. Baba zai yi faɗa, ya huce."

Ta share ido da bakin mayafi. Ta so ta ce to. Wallahi ta so.

"In ta gudu nan za ta dawo, ba ta san ko'ina ba. Su kama ta, wannan karon ba mai tsayawa tambaya. Kai kuma ka zama wanda ya yi wa mahaifinsa ƙarya saboda ni, da wannan za a kai ni gidanku. A'a. Kamo shi zan yi."

"In babu shi fa?"

"Akwai shi."

Da zai tafi ya ce, "Ni dai na ga abin da zan aura. Allah ya sa kada in taɓa yin laifi."

Ranar Juma'a, jajibirin kasuwa, maza suka tafi masallaci a Gwiwa, mata suka shige ɗaka gudun rana. Garin ya yi shiru, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Ikilima ta baro gona don ta sha ruwa, ƙafafunta sun kumbura, zuciyarta ta fara karaya. Ta zauna a inuwar ɗakin girki, ta jingina kai da bango. Ba ta motsa ba, ba don dabara ba, don gajiya.

Sai ta ga darni ya motsa.

Wani dogon baki ya leƙo ta ƙasan karan. Ya shaƙi iska. Sannan jiki ya biyo baya, ya fi Auta girma nesa ba kusa ba, ya fi ta duhu, kunnensa ɗaya a yage. Ga kazar Ikilima can tana tono da 'yan tsakinta a gindin turmi, bai ko dube su ba. Ya ratsa tsakar gidan da sauri, cikinsa yana shafar ƙasa, ya shige ƙarƙashin rumbu. Ta sunkuya a hankali tana leƙe. Yana kan tsohon zanin, yana shinshinawa, yana goga wuyansa a jiki, yana wani ɗan gurnani mai taushi kamar mai tambaya. Ya zagaya rumbun, ya dawo kan zanin, ya sake kira. Ba wanda ya amsa. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya fice ta inda ya shigo.

Ikilima ta dafe ƙirji. Ashe ba ƙwai yake nema ba. Ashe duk kwanakin nan da take gasa kanta a gona, shi ma nan yake zuwa yana neman wadda take nema wa rai. Wani irin tausayi ya kama ta, har ta ji kunyar abin da za ta yi. Amma ta tashi ta yi shi. Ta ɗauko tarkon daga gona, ta tura shi ƙarƙashin rumbu, ta cire ƙwan, ta shimfiɗa zanin a ciki ta ɗaura bakinsa a jikin robar.

Washegari da hantsi, masu zuwa kasuwa sun fara ɗaure kaya a babura, Baba Sama'ilu ya iso gindin darbejiya da kejin Auta. Jama'a sun fi na ranar farko. Gwaggo Adda ta zo da kujerarta 'yar tsugune. Malam Ɗayyabu yana tsaye ya harɗe hannu a baya. Ikilima ba ta fito ba. Tana durƙushe a bayan ɗakin girki, idonta a kan rumbu, tana jin muryar tsohon daga waje.

"Ina yarinyar? Rana tana yi."

"A ɗan ƙara mata, Baba," muryar Zaharadeen ce.

"Alkawari kasuwa ne, ga kasuwa ta ci. Tunku! Kai ka shiga gidan Adda ba sallama."

"Shi ne!"

Hayaniyar ta sa ta fid da rai zai zo. Wace dabba ce za ta kusanci gida ana wannan ihu? Sai Auta ta yi kuka daga cikin keji, wani kuka mai tsawo da Ikilima ba ta taɓa jin ta yi ba. Darni ya motsa. Ya shigo a guje, ko shaƙar iska bai tsaya yi ba, ya nufi inda ya saba samun ƙamshinta. Ƙofar ta faɗo, ƙarau!

Ba ta san lokacin da ta ɗauki tarkon ba. Yana ta dukan waya, yana huci, ya kai wa yatsanta cizo ya same ta, ba ta saki ba. Ta ratsa zaure, mayafi yana ja a ƙasa, jini yana ɗiga, ta dire shi a gaban Baba Sama'ilu kusa da kejin Auta.

"Baba Sarki, ga ɗayan."

Aka yi salati. Mutane suka riƙa turereniya, kowa yana so ya ga tunku biyu a wuri ɗaya. Wanda ya yi ba'ar buɗe musu unguwa ya ce, "La'ilaha! Ashe da gaske suna da dangi." Su kuwa biyun ba su kula kowa ba. Sun manna hanci da hanci ta tsakanin waya, sun yi shiru.

Baba Sama'ilu ya tsuguna ya daɗe yana dubansu. Ya sosa gemu.

"To fa. Yanzu wa zan karanta wa?"

"Karanta musu duka!" in ji Gwaggo Adda.

"Adda, kaza ɗaya baki ɗaya ya cinye mata kai. In na haɗa su, na yi wa ɗaya ƙarya."

"To wannan ƙaton, mai kunnen 'yan daba. Dubi fuskarsa, ai ka san ba ta Allah ba ce."

Ikilima ta sake durƙusawa. "Baba, a ƙa'idarku ta farauta, naman da aka kama na wane ne?"

Tsohon ya dube ta ta gefen ido, gefen bakinsa ya motsa. "Na wanda ya kama."

"To ni na kama shi. Kuma shi ma ban ga ya taɓa kaza ba. Ba na so a karanta masa."

Zaharadeen ya juya baya yana tari, don kada a ga dariyarsa. Baba Sama'ilu ya girgiza kai, ya ce ta fito masa da Auta ya duba ta, ya ga kwanciyarta ta sauya. Ikilima ta buɗe kejin. Auta ta faɗo jikinta, ta cusa kai a hammatarta, ta rame har ƙashin bayanta yana taɓuwa. Tana riƙe da ita tsohon ya shafa cikin da yatsu biyu. Ya ɗago.

"Adda, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ciki gare ta. Kafin a yanke gero ba biyu za ki gani ba."

Kowa ya zaci Gwaggo za ta tashi da masifa. Ba ta tashi ba. Ta zauna a kujerarta, ta dubi hannuwanta, sai hawaye suka gangaro ta cikin tsagar fuskarta.

"Ni ina zan kai kajina?" ta ce, ba da kowa take ba. "Kwana da kwanaki suna kulle, sun daina ƙwai. In na buɗe a cinye, in na rufe su mutu. Su ke nan gare ni. In gari ya waye su ne suke fara yi min magana."

Ikilima ba ta taɓa ganin gwaggonta tana kuka ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta. Ta dubi Auta a hannunta. Ta ceto ta, wuƙa ta koma kube. Amma ta san in Auta ta zauna, wancan zai dawo, ko wani irinsa. 'Ya'yan kuma ba da auduga za a shayar da su ba, ba su san kwano ɗaya da kaji ba. Wata rana za a sake taruwa a gindin bishiyar nan, a ranar kuma za a sami wanda ya gani da ido.

Ta matsa ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Gwaggo, ki buɗe kajinki yau. Zan kai su duwatsun Roni, su biyun, inda ba gida kusa. Kazata mai 'yan tsaki kuma ki ɗauka, ta maye miki wake-wake."

Gwaggo Adda ta fyace hanci da bakin zani. "Wa ya sani ko bayan gari za ki kai su ki dawo da su cikin buhu? Da ni za a je. Kuma ba zan bar ki ki hau bayan babur ɗin yaron nan ku biyu ba, ba a ɗaura ba tukuna."

Haka aka yi tafiyar. Zaharadeen a gaba da tarko ɗaure a kan tanki, Gwaggo a tsakiya ta ƙanƙame rigarsa tana yi masa faɗa a kan kowane rami, Ikilima a baya da keji a cinya. Suka bar masu kasuwa, suka bi hanyar da ruwa ya zaizaye, har gonaki suka ƙare, duwatsu suka taso baƙi-baƙi, ciyawa ta cika tsakaninsu, ga wani ɗan rafi yana gudu a ƙasa.

Ita ta buɗe tarkon. Mai yagaggen kunne ya fita kamar an harba kibiya, ya haye wani dutse, ya tsaya can yana waige. Sannan ta buɗe kejin. Auta ta fito a hankali. Ta shinshina ciyawa, ta shinshina iska, ta dawo ta zauna a kan ƙafar Ikilima.

"Tafi mana," in ji Ikilima.

Auta ba ta motsa ba. Ikilima ta san in ta sunkuya ta taɓa ta, to an gama, da ita za ta koma. Ta harɗe hannuwanta a ƙirji ta matse su. Ta zare ƙafarta, ta ja da baya. Auta ta biyo ta. Ta sake ja, ta buga ƙafa a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi mata ba. Auta ta tsaya cak tana kallonta. Daga kan dutse wancan ya yi kira. Ta juya kai wajensa, ta juyo wajen Ikilima, sannan ta bi ta cikin ciyawa, ba da gudu ba. Suka ga ciyawar tana rabuwa har gindin dutsen, daga nan ba su ƙara ganin komai ba.

Zaharadeen ya shagala da goge madubin babur ɗin da ba abin da ya same shi. Gwaggo Adda ta kamo hannun Ikilima, ta juya shi, ta ga yatsan da aka ciza ya kumbura, jinin ya bushe. Ta yage bakin ɗankwalinta da haƙori ta shiga ɗaure mata.

"Taurin kan nan ba na Ɗayyabu ba ne," ta ce tana jan ƙullin. "Nawa ne kika kwaso. Tsaya mana, kina motsi. Kai kuma tayar da abin nan, ka bi ta asibitin Roni a duba mata hannu."